Molon Gidan Haladu

"Ranar Juma'a zan miƙa wa ɗan ƙanena molon ga," in ji Baba Haladu. "Kiɗi da kunne aka koyonai, ɗiyata. Mijinki ko ba shi da kunne."

Saudatu ta sunkuyar da kai, zuciyarta na ƙuna. Mijinta Musbahu na gefe yana bin bakin mahaifinsa da ido, kuma ta san ya gane. Tun yana yaro a Bagega gubar dalma ta tafi da jinsa, ta bar masa ɗan kaɗan. Molon kuwa na kakansa ne, duk Gummi an san taken gidansu da shi.

"Baba... ka ba mu zuwa Juma'ar," in ji Saudatu.

"Ku yi mi?"

Saudatu ta riga ta fara shiri a ɓoye. A kwalejin horon malamai ta koyi rubuta kiɗa a takarda. Ta yi watanni tana sauraren kiɗan surukinta daga madafa, tana zana kowane sauti. Da rana, in tsohon ya fita, sai ta kama yatsun Musbahu ta ɗora kan tsarkiya, alama bayan alama.

"Masoyiya, daidai nika yi?" yakan tambaya.

"Daidai ne, rabin raina." Ba ta iya ce masa komai sai haka.

Ranar Juma'a bayan la'asar, Musbahu ya zauna gaban mahaifinsa, takarda a kan gwiwa, ya fara. Yatsunsa ba su kuskure ko wuri ɗaya ba. Amma wayyo, tsarkiya ta saki, shi kuma bai ji ba! Taken ya fito a karkace, abin tausayi. Saudatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ma ba ta iya ɗaure molo ba.

Baba Haladu ya miƙa hannu ya karɓe molon. Musbahu ya saki, idanunsa sun cika.

Tsohon ya kara kunne, ya ja tsarkiyar, ya taɓa, ya sake ja. Sannan ya mayar da molon kan cinyar ɗansa, ya tallabo fuskarsa don ya ga bakinsa sosai.

"Yatsun babana ne gare ka," ya ce a hankali. "Kullum da safe ka kawo min in ɗaure maka. Soma daga farko."

Musbahu ya soma, Saudatu kuwa kuka ya hana ta jin ƙarshen taken.