Marin Kasuwar Kankiya

"Mai hannu ɗaya za ki aura, Kubura?!"

Yayana Hamma Bube ya buga sandarsa a ƙasa. Na sauke ƙwaryar nonon da ke kaina a hankali.

"Lawal nake so, Hamma. Shi na yi wa alkawari kafin ya tafi yaƙin basasa, ba hannunshi ba."

"Labaran ya ce har hankalinshi ya baro can!"

Labaran! Direban babbar mota, wanda ke zarya rugarmu a Dudunni da atamfofin neman aurena, ina mayar masa. Shi ke yaɗa wai duk wadda Lawal ya aura, duka zai kashe ta.

Ranar kasuwar Kankiya ina layin masu nono, Lawal ya zo ya tsuguna gabana, hannun rigarsa na hagu a naɗe.

"Hasken idona... kin rame."

"Kai ma haka, abin ƙaunata."

Ban rufe baki ba sai ga Labaran. Ya sa ƙafa ya kifar da ƙwaryata, ya ɗauke Lawal da mari.

Tas!

"Tashi, guntu! Nuna masu haukar!"

Jama'a suka kewaye mu. Na hango Hamma cikin taro, nan na gane shiri ne, so ake Lawal ya yi duka a gabansa. Kowa kuwa ya sani, kafin yaƙi ba wanda ya taɓa kai Lawal ƙasa a kokawa, daga garinsu Boko har Fakuwa.

Labaran ya sake ɗaga hannu. Lawal ya cafke shi, ya riƙe kawai. Labaran ya yi ta fizga yana gumi, har gwiwoyinsa suka taɓa ƙasa.

"Na ga abin da mutum ke yi wa ɗan'uwanshi in ya fusata," in ji Lawal, murya ƙasa-ƙasa. "Ni na gama da wannan. Ba ta haƙuri."

Labaran ya ba ni haƙuri. Lawal ya sake shi, ya duƙa yana tattara mini faifai da ludayi.

Na miƙe, na dubi yayana.

"Hamma... ka gani da idonka."

Ya matso kusa da Lawal.

"Ka turo manyanka."

Bayan girbi aka kai ni gidan Lawal a Boko. Hamma da kansa ya koro saniyata har ƙofar gida, yana ta faɗa wai kar a bar ta da ƙishirwa, don kada a lura hawaye yake sharewa.