Zoben Da Ba Ya Shiga Ɗakin Awo

"Ina zobena?!"

Ta zazzage kwanon da ke bakin ƙofar ɗakin awo. 'Yan kunne, agogo, makullai... babu shi.

Dokar wurin ba ta da wasa: ko allura ba ta shiga. Aikinsu auna ƙarfen da ke cikin jinin mutum ne, a ga nawa ne mai nauyi, nawa ne marar nauyi. Ɗigon tsatsa ɗaya sai ya ɓata aikin wata guda. Shi ya sa kullum take cire zoben ta ajiye a kwano.

Zoben kuwa na baƙin ƙarfe ne. Mai walda ne ya lanƙwasa mata shi da ƙusa, ranar da ya ce yana sonta.

"Wannan tarkacen kike nema?" in ji Doguwa, abokiyar aikinta, wadda ta daɗe da sa wa mai waldan ido. "Ƙila an share."

Kwana uku wayarsa a kashe. Ta saka jini a na'ura, ta fito ta duba waya, ta koma, ta sake fitowa. Zama ya gagare ta.

"Allah ya raba ki da wahala," in ji Mama. "Duk karatun nan ki ƙare a gidan mai ƙona ido?"

Rana ta huɗu ta dira shagonsa. Ya ɗaga gilashin fuskarsa. Ga zoben nan a kan benci.

"Doguwa ta kawo," ya ce. "A kwandon shara ta tsince shi. Ta ce kullum sai kin cire kafin ki shiga cikin masu farar riga."

"Ƙwarai ina cirewa."

Ya juya zai ɗauki guduma. Ta sha gabansa.

"Shugabanmu ma agogonsa yake cirewa, kunyar agogon yake ji? Kai ka taɓa tambayata? Sai fushi kamar jaki ya ga gada!"

Ta miƙa masa yatsa. Jan zane ya zagaye shi, shatin tsatsa.

"Kwana huɗu babu shi, har yau bai fita ba. Da shi nake kwana, masoyina... Safar hannu biyu nake sawa saboda kai!"

Ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya mayar mata da zoben.

"Ki yafe mini, zuciyata. Kaina ne kamar maƙera."

"Na sani. A haka na saya."

Mama ta yi faɗanta ta gaji, aka ɗaura aure.

Sati na zagayowa angon ya zo wurin aikinta da ɗan akwati mai kwaɗo na ajiye zoben. Shugaba ya yi dariya ya ce a kafa shi a bangon ɗakin awo, daga waje. Zobe ɗaya kawai yake ci.

Kullum da safe Doguwa sai ta wuce ta gabansa kafin ta kai ga kwano.