Mai Sunan Baba

"Kin san abin da yara ka waƙa da shi yanzu garinmu Allakaye?" Mahdi ya tambaya, bai ko dubi tabarmar da ta shimfiɗa masa ba.

Adawiyya ta sunkuyar da kai. Ta sani sarai. Shekaru ke nan tana fitowa a wasannin kwaikwayo na tele, wato talabijin, a Yamai. Ta yi kukan ƙarya, ta yi mahaukaciyar kasuwa, har mutuwa ta yi aka ɗauke ta a makara, ba ta taɓa jin kunya ba. Sai wannan karon. A wasan ita ce matar ɗa marar kunya, ta riƙe ƙugu ta nuna wa surukinta ƙofa tana cewa, "Isaka, fita mini gida!"

Isaka kuwa sunan mahaifin Mahdi ne, saurayin da ake shirin sa musu rana.

"Wallahi bara anka ɗauki wurin nan, ban ma san ka ba lokacin..."

"Ni na sani, hasken idona. Mutanen gari hwa? Baba na zaune gaban tele ta Umaru mai shago, tsakiyar tsohwahhi, kinka kira sunanai gatsau. Inna da ta haihe ni ba ta taɓa hwaɗin sunan ga ba."

"Mi yac ce?"

"Komi bai ce ba. Ya sa takalmi yat tahi gida. Yanzu ƙannenshi sun ce a hwasa sa rana."

Kunya ta rufe ta, ta ji ina ma ƙasa ta tsage. Tana son Mahdi son da ba ta iya yin irinsa a gaban kamara, ga shi bakinta zai raba su.

Ran kasuwa ta shiga mota daga garinsu Buza, ta lulluɓe har ido. Banza! Fuskar da ta shiga kowane gida mayafi ba ya ɓoye ta. Tana sauka Allakaye wata mai tallar ƙuli ta riƙe ƙugu ta nuna wa abokiyarta hanya, suka bushe da dariya. Adawiyya ta wuce gidan su Mahdi.

Inna Lalla, mahaifiyar Mahdi, ta ba ta ruwa, ta daɗe tana kallonta.

"Ke ce mai korar mutane?"

Hawaye suka zubo wa Adawiyya. "Inna, ki yahe mani..."

"Ni mi kinka yi mani?" Tsohuwar ta matso, ta rage murya. "Tun da anka kawo ni gidan ga nike haɗiye sunan nan, ko ran da ya ɓata mani rai. Da nij ji shi bakinki, sai da niy yi dariya cikin zane. Amma shi ya ji ciwo, ɗiyata. Tun rannan bai koma shagon ba. Shina bayan darni, je ki."

Ba a haɗa ido da suruki. Adawiyya ta durƙusa ta wannan gefen darnin kara, tana jin motsinsa yana tsintar irin albasa a wancan gefen. Ta gaishe shi. Ya amsa a taƙaice. Duk kalaman da ta haddace a mota suka gudu, ita da ke haddace shafi guda kafin shayi ya huce.

Shi ya fara magana.

"Ban ga ƙarshen wasan ba. Tsohon da kinka kora, ina ya kwana?"

"Masallaci, Baba."

"Wa ya kwana masallaci?"

Ta gane gwaji ne. Inna Lalla ta tsaya cak da ƙwarya a hannu.

"Mai... mai sunan Baba."

Motsin albasar ya tsaya.

"To. Daga nan hwa?"

"Yarinyar ta gane ba ta kyauta ba. Ta bi shi har inda yake, ta durƙusa, kunya ta hana ta ɗaga kai."

"Ya yahe mata?"

Nan kukan ya ƙwace mata, na gaske, wanda ba a sa mata komai a ido ba.

"Ban sani ba, Baba. Ba a kai wurin nan ba tukuna."

Akuya ta yi kuka a maƙwabta. Sannan tsohon ya yi gyaran murya.

"In kin koma Yamai, ki gaya ma mai shirya wasan ya yahe. Tsoho ba ya kwana masallaci alhali ɗiyatai na kuka gida." Ya ɗaga murya kaɗan. "Lalla, a aika Mahdi shi kira mani ƙannena. Kuma a ba baƙuwa hura, ta sha rana."

Inna Lalla ta dafa kafaɗarta. "Baƙuwa wai. Tashi, ɗiyata, ki ɗauko ludayi da kanki, ki san inda muka aje shi."