Hayaƙi a Akwatin Iska

Sai da aka idar da sallar La'asar Khairiyya ta ga mijinta bai fito ba, sannan ta tura ƙofar ɗakin da yake ɗaukar waƙa. Ƙofofi biyu ne, ɗaya bayan ɗaya, kowacce an liƙa mata robar taya a gefe. Mujitaba yana kan kujera, kansa kife a tebur, kwamfuta tana ta ɗauka. Ta taɓa shi, ta ji jikin ya saki.

Kafin Insifekta Mu'azu ya san abin da ake ciki, mutanen Dangora sun gama shari'arsu. Sun je shagon Shitu kafinta, wanda ya gyara ɗakin, sun fasa masa baki, sun kawo shi ofis a bayan a-kori-kura. Ghali, yayan mamacin, shi ne a gaba yana kumfar baki.

"Kabari ya gina wa ƙanena, Yallaɓai! Ɗaki ba taga, ina mutum zai shaƙi iska?"

Mu'azu ya kulle Shitu, don in ya bar shi a waje ba zai ga safiya ba. Shekara ashirin yana wannan aiki, kuma ba abin da yake ƙona masa rai kamar taron da ya riga shi gano mai laifi. Likita kuwa magana ɗaya ya yi: hayaƙin janareta ne, ba rashin iska ba. In aka tabbatar aikin Shitu ne ya kai hayaƙin ciki, to sai kurkuku.

Da safe Mu'azu ya sa aka fito da Shitu.

"Me ka yi wa ɗakin nan?"

"Abin da Mujitaba ya ce in yi, Yallaɓai. Ba ya son ƙara ta shigo, ba ya son muryarsa ta riƙa dawowa daga bango. Na toshe taga. Na haɗa firam na katako, na cusa soson katifa, na ja yadi a kai. Kusurwa huɗu na jingina buhunan ɓuntun shinkafa. Silin kuma kwalin ƙwai muka buga."

"Iska fa?"

"Akwai akwatin iska a bangon baya. Hanyar cikinsa a lauye take, na shimfiɗe ta da soso, da 'yar fanka mai jawowa. Iska ta wuce, ƙara ta maƙale."

"Janareta a ina yake ajiyewa?"

"Can gindin mangwaro, kusa da kejin kaji. Da kaina na auna, taku ashirin da biyar. Na ce masa kada ya kuskura ya matso da shi."

Mu'azu ya tafi gidan. Janaretan yana gindin mangwaro, ɗan ƙarami irin wanda mutum ɗaya yake ɗauka, kamar bai taɓa motsi ba. Kajin Ghali suna ta kai da kawo a keji. Ya zagaya bayan ɗakin, wani lungu ne tsakaninsa da katanga, da ƙyar mutum yake wucewa. Ya kwance murfin akwatin iska, ya ciro soson. Ya yi baƙi, sai warin fetur. Ya tsuguna. A ƙasa, daidai ƙarƙashin bakin akwatin, ga sawun ƙafa huɗu na janareta, ga ɗigon baƙin mai, ga tabon hayaƙi a jikin bango. Wani ya kawo shi nan, ya kuma mayar.

Ya fara da maƙwabci, Malam Ladan, wanda aka ce ya taɓa kai ƙarar Mujitaba wurin mai unguwa.

"Baba, an ce kun yi rigima."

"Mun yi, ɗana. Da can kiɗansa har cikin sallata yake shiga. Amma wata uku ke nan tun da kafintan nan ya yi aikinsa, ko tari ban ƙara ji ba. Har albarka na sa masa."

"Jiya da rana kana ina?"

"Ina Yako wajen jana'iza, sai magariba na dawo. Mu shida muka tafi a mota ɗaya."

Mu'azu ya tambayi biyu daga cikinsu, maganar ta tabbata.

Khairiyya tana cikin ɗaki an zagaye ta. Da ta miƙe, ya ga cikin da ke jikinta ya kai wata takwas. Wannan ko bokitin ruwa sai an ɗauka mata.

"Allah Ya ba ki haƙuri, Malama. Jiya kin ji wani abu da ba ki saba ji ba?"

"Bayan azahar na ji ƙarar injin ta yi nisa. Na ɗauka mai ne zai ƙare."

"Ya mutu?"

"Bai mutu ba. Fankar ɗakina ba ta tsaya ba."

"Wa da wa ke gidan?"

"Ni da Inna mahaifiyarsu, tana kwance da ciwon ƙafa. Sai Yaya Ghali da ke shigowa duba kaji."

Ya sa aka kunna masa abin da kwamfutar ta ɗauka. Kwamfutar tebur ce, ba ta da batir, in wuta ta ɗauke ko na ƙiftawar ido ne sai ta mutu. Muryar Mujitaba ta fito tas, kamar yana zaune a gefensa, yana rera tallar wani shagon taki. Ya maimaita baiti sau uku. Ya yi hamma. Ya ce, "Kai, wannan ciwon kai." Daga nan sai numfashi, daga baya ba komai. Awa biyu da rabi, ba inda aka yanke. Mu'azu ya fito ransa a ɓace. Aikin Shitu ya yi kyau, kyan da ya sa mutum bai ji injin da ke ruri a bayan kansa ba.

Amma ya samu abin da yake nema. Wuta ba ta ɗauke ba, wato a kunne aka ɗauki janaretan. Wanda kuwa ya rungumi janareta yana aiki, taku ashirin da biyar, ya kuma matsa da shi cikin wannan lungu, da wuya salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi, ya bar shi lafiya.

A ƙofar gida ana zaman makoki. Ghali yana kan tabarma, ana zafi kamar me, shi kuwa ya sa riga mai dogon hannu har ya ɓalle maɓalli. Mu'azu ya yi gaisuwa, aka shafa addu'a, sannan ya ce yana son ganinsa a ciki. Suka tsaya gindin mangwaro.

"Naɗe hannun rigarka."

"Yallaɓai, gawar ƙanena ko kwana biyu ba ta yi ba."

"Na sani. Naɗe."

A damtsen hagu akwai ƙuna, an shafe ta da ɗanyen ƙwai ya bushe.

"Kaskon gawayi ne, na ɗumama 'yan tsaki."

"Na leƙa kejinka, ba ɗan tsako ko ɗaya. Duk masu ƙwai ne."

Mu'azu ya kama hannun, ya kai shi jikin murfin salansa. Tsaga uku ne a murfin, a jere. Layi uku ne a fatar.

Ghali ya zauna a ƙasa.

"Kajina sun rage ƙwai, Yallaɓai. Daga kiret huɗu sun koma biyu, saboda ƙarar nan. Na yi masa magana ya fi sau goma, sai ya yi dariya. Kwalayen da ke silin ɗinsa ma nawa ne, kyauta na ba shi. Jiya na ce bari in kai masa abinsa gindin bango, shi ma ya ji abin da suke ji. Wallahi ban san akwai rami a wurin ba."

"Wannan na yarda. Yaushe ka sani?"

"Da muka shiga ɗauko shi, na ji wari."

"Sai ka bari an tafi asibiti, ka kashe inji, ka mayar. Daga nan ka tara mutane kuka nufi shagon Shitu."

Ghali ya miƙe tsaye. Mu'azu bai sa masa ankwa a gaban uwarsa ba, ta ƙofar baya ya fita da shi. Tausayin tsohuwar ya ji, ba nasa ba.

Da yamma ya buɗe wa Shitu, ya faɗa masa komai, ya ce ya tafi gida, ba shi da laifi. Ya zaci zai ga murna. Shitu ya tsaya riƙe da takalmansa, leɓensa a kumbure.

"Ya daɗe kafin ya cika, Yallaɓai?"

"Bai san ma abin da ke faruwa ba."

Shitu ya gyaɗa kai, ya sunkuya zai sa takalmi.

"Ranar da na gama aikin, na rufe ƙofa, na ce masa, Mujitaba, yanzu ko ihu ka yi a ɗakin nan ba mai jin ka. Da alfahari na faɗa. Shi kuma ya rungume ni."