Shuɗiyar Kula

Ranar da likitoci suka rufe binciken maganinsu, matata ta fito daga asibiti rungume da shuɗiyar kular abinci. Daga ranar ban ƙara ganin daidai ba.

Ina zaune kan mashin ƙarƙashin darbejiya, inda na saba jiranta duk Talata da littafi a hannu. Ta iso tana murmushi.

"Malam na... an sallame mu."

"An sallame ku?"

"Awo. Sun ce mun yi ƙoƙari. Har tafi aka yi mana."

"Maganin fa, Ummuna?"

Ta ɗaga kular sama kamar wadda ta ci gasa.

"Ga shi nan. Mai hawa biyu ce, da wurin miya!"

Ta yi dariya. Ni ma na yi, don haka muka saba. A gidanmu asibitin masu sikila ake kiran wurin, kuma ni da ita babu wanda ya taɓa kiransa da sunansa na gaskiya.

Ummu Hani 'yar Argungu ce, ɗiyar wani mai sayar da albasa. An haife ta da sikila. Tun tana ƙarama, in ciwon ya tashi ƙasusuwanta ke yi kamar ana sara su da gatari, sai a ɗauke ta a kai kyamis a yi mata allurar kashe raɗaɗi, wadda suke kira penta. Tun ana kai ta, har ta koma kai kanta. Tun sai ciwo ya tashi, har ya zama ko babu ciwo jikinta na nema. Ba a gidan rawa ta koya ba. Mutane masu farar riga suka koya mata.

Ni malamin makarantar sakandare ne a Birnin Kebbi, daga gidan da littattafai suka fi tukwane yawa. Lokacin da nake zuwa zance wurinta, na lura ko ana zafin da kifi ke neman ƙasan gulbi, ba ta rabuwa da riga mai dogon hannu. Wata la'asar tana zuba mini ruwa a buta, hannun rigar ya zame.

Tabo ne a jere, wani bayan wani, kamar shukar shinkafa.

Ta yi maza ta ja rigar.

"Sauro ne," ta ce. "Ka san sauron fadama."

"Mugu ne," na ce.

Da aka tashi haɗa lefe, na sa gidan sauro a ciki. Dangina sun yi ta dariya. Ita ba ta yi ba.

Mahaifiyata, Hajiya, ba ta so auren ba.

"Rabi'u, mi za ka yi da mai sikila? Jinya za ka auro? Ga Munira nan ɗiyar ƙanena, lafiyayya, ta sauke Alƙur'ani!"

"An gwada jinina, Hajiya. Ba za mu haifi mai ciwon ba."

"Kai dai karatun boko ya sa maka taurin kai."

Aka yi auren. Munira ta zo biki da anko, ta fi kowa rawa, ta fi kowa kallon hannun amarya.

Shekarar farko na koyi abubuwan da babu su a littattafaina. Na koyi yin tari kafin in shiga ɗaki. Na koyi rashin tambayar abin da ya sa take daɗewa a makewayi. Na ga ita ta rufe abin da hannu biyu, na ce ba ni zan buɗe mata ba.

Sai wata safiya rediyo ya yi sanarwa. Wasu likitoci sun zo da bincike kan maganin da ke raba mutum da allura da ƙwaya, ana neman masu shiga, kuma za a rufa wa kowa asiri. Na ƙara muryar rediyon, na fita sayen ƙosai. Na daɗe ban dawo ba.

Bayan kwana biyu ta ce, idonta na kan shinkafar da take tsincewa:

"Malam na, an buɗe sabon wurin duba masu sikila."

"Madalla. Wace rana?"

"Talata."

"Ba ni da aji da safe. Ni zan riƙa kai ki."

Wata 'yar ƙwaya ce ake sawa ƙarƙashin harshe, sai zama da ake yi da su ana magana. Ban san sunanta ba a lokacin. Abin da na sani shi ne matata ta dawo. Kumatunta suka ciko. Ta daina daɗewa a makewayi. Ta fara yi mini gardama a kan littattafaina, tana cewa duk marubutan nan nawa babu wanda ya iya kashe tauraruwar labari da mutunci. Rannan na dawo na same ta da riga mai gajeren hannu tana soya kifi, tabon ya dushe.

"Mi kake kallo?"

"Gidan sauron nan ya yi aiki."

Ta jefe ni da bawon albasa.

To, wannan matar ce aka tafa wa, aka ba kula.

Washegarin sallamar na koma asibitin ni kaɗai, na nemi shugaban binciken, Dakta Taufiq. Mutum ne mai fara'a, irin fara'ar wanda ya gama aikinsa.

"Likita, maganin da kuke ba mutanen nan, ina ake samunsa?"

"Malam, ba zan iya gaya maka ko wani naka ya shiga binciken ba. Sirri ne."

"Ban tambaye ka suna ba. Magani na tambaya."

"Na bincike ne. An kawo shi don bincike, ragowar kuma an mayar."

"Ya yi aiki?"

Fuskarsa ta washe.

"Ƙwarai! Sakamakon ya wuce yadda muka zata."

"To waɗanda ya yi wa aikin fa?"

"Mun rubuta shawara ga hukuma. In sha Allahu nan gaba..."

"Nan gaba. Jikin mutum ya san nan gaba?"

Ya ce ya fahimci damuwata. Na karanta littattafai da yawa, ban taɓa cin karo da jimlar da ta kai wannan rashin amfani ba.

Sun riƙe sirri, ban musa ba. Ƙofar baya suke shigar da mutane, lamba suke kira ba suna ba. Sannan a ranar ƙarshe suka raba wa kowa kula iri ɗaya, launi ɗaya, da sunan binciken a jiki. Kafin mako ya zagayo, duk Birnin Kebbi an san ma'anar shuɗiyar kula.

Mu ne ba mu sani ba. Ummu ta sa wuƙa ta kankare rubutun tas. Ran Juma'a ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kifi, ta zuba a ciki, muka kai wa Hajiya kamar yadda muka saba.

Munira na tsakar gida tana yi wa Hajiya tsifa. Ta dubi kular, ta dube ta kuma.

"Kai, Anti Ummu, wagga kula ta yi kyau! Ina kika samo?"

"Kyauta ce."

"Lallai. Irinta sak na gani gidan maƙwabtanmu. Ɗansu da ke kwana a kwata saboda tiramol, shi ma kyauta aka ba shi... a wurin 'yan ƙwaya."

Hajiya ta ɗago kai a hankali.

"Ummu Hani. Matso nan."

Ta matsa.

"Naɗe hannun rigarki."

"Hajiya..."

"Na ce naɗe!"

Na ga yatsun Ummu sun kama bakin rigar. Na shiga tsakaninsu.

"Babu abin da za ta naɗe."

"Rabi'u, ni kake tare wa?"

"Ki gafarce ni, Hajiya. Matata mai sikila ce, ta sha allura tun tana goye, dole a ga tabo. Amma ba 'yar ƙwaya ba ce. Ni ke kwana da ita, ni ke tashi da ita. Da akwai wani abu, ni zan fara sani!"

"In kuma ya tabbata?"

"Ba zai tabbata ba."

Na juya ga Munira.

"Ke kuma, tunda kin san kular kowane gida, hukumar ƙidaya na neman irinku."

Na ɗauki matata muka fita. Tuwon ko buɗe shi ba a yi ba.

A kan mashin ta kifa fuskarta a bayana. Na ji rigata na jiƙewa.

"Malam na... haka ka yarda da ni?"

"Fiye da haka."

"Ko duniya ta taru ta ce..."

"Ko duniya ta taru."

Muka wuce kasuwa. Sannan ta ce, can ƙasa:

"Allah shi sa kar in ba ka kunya."

Damina ta sauka, sanyin ruwa ya shiga ƙashinta. Ciwon ya tashi irin tashin da bai yi ba tun aurenmu. Tana cizon filo, gumi na zuba, jikinta na neman abin da aka raba shi da shi, babu 'yar ƙwayar ƙarƙashin harshe da za ta tare. Da ta ɗan samu sauƙi ta ce:

"Ka kai ni Argungu wurin Inna. Ta fi iya jinyata."

Inna, mahaifiyarta, ta iya jinya, gaskiya ne. Kyamis ɗin da ya raine ta kuma yana nan a bakin layinsu. A gabana ba za ta iya komawa ga allura ba, bayan abin da na faɗa a gaban Hajiya. Na kai ta.

Daga nan na shiga nema. Sakkwato aka ce babu. Wani ya ce Zariya, Zariya suka ce Kano. Na nuna sunan maganin a kantuna har na haddace yadda ake girgiza kai. A ƙarshe wata likita a Kano ta saurare ni har na gama, ta ce in kawo matar, akwai hanyar da za a ci gaba da ba ta.

Daga tasha na kira ta.

"Ummuna! Ki haɗa kayanki, gobe ina tafe. Akwai maganar da zan gaya miki."

Muryarta ta yi nauyi, kalmomin na jan ƙafa.

"Ni ma... ina da magana, Malam na."

"Faɗi."

"A'a. Kai fara."

"Tawa ba ta waya ba ce. Sai ina kallon idonki."

"Tawa ma." Ta ɗan yi dariya. "In ka ji tawa, ƙila ka fasa taka."

"Ba zan fasa ba."

"To... sai ka zo."

Na isa Argungu washegari da la'asar. Fadama ta cika, shinkafa kore shar har bakin hanya. Ina karyo kwanar layinsu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza a zaune, takalma a jere.

Inna ta ce bayan azahar ta shiga kai mata kunu. Ta same ta a kan sallaya, allurar na gefenta. Jikin da ya yi watanni bai sha ba, ta ba shi irin abin da ta saba ba shi a da.

"Ta ce kar in gaya maka," in ji Inna. "Ta ce kai kaɗai ne ba ka taɓa yi mata kallon 'yar ƙwaya ba. Ta ce ita za ta faɗa maka da bakinta."

Mutane suka ce sikila ce ta kashe ta. Na bar su a haka.

Bayan sadakar arba'in Hajiya ta aiko Munira da abinci, a farar kula. Na mayar ba tare da na buɗe ba. Har yau ana aikowa, har yau ina mayarwa.

Kwanaki na ji Dakta Taufiq a rediyo. An buga sakamakon binciken a ƙasar waje, an yaba. Ya ce kusan duk waɗanda suka sha maganin sun rabu da allura har zuwa ranar da aka rufe. Gaskiya ya faɗa. Har zuwa ranar. Matata tana cikin waɗanda suka warke, haka aka rubuta ta, kuma babu mai zuwa ya gyara.

Shuɗiyar kular tana kan kantata, tsakanin littattafai, da sawun wuƙarta a jiki. Gidan sauron yana rataye inda ta bar shi.

Ba doguwar magana na ɗauko daga Kano ba.

Ummuna, sauro ba ya cizo a jere. Na sani tun ranar butar nan, kuma da sanina na kawo lefe.