Kofi Mai Jan Zare

"Wa ya ɗaure mini kofi da jan zare?" Rauda ta tambaya daga bakin randa.

"Ni na ɗaure, don kada wani ya sha da shi!" in ji Gwaggo Sa'a, ƙanwar babanta, kuma uwar Taufiq wanda za ta aura ranar Juma'a. "Takardar gwajin aure ta ce pozitif, ciwon hanta! Aure kau an fasa, ba ki kashe mini ɗa!"

"Haba Gwaggo! Shekara ukku ke nan da na sha magani na warke. Ke kika yi jinyata a asibitin Parakou!"

"To takarda ƙarya ta yi?"

Rauda ta juya ga Taufiq. Gogan naka ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur, ko tari bai yi ba. Wallahi wannan shirun ya fi zaren ƙona mata rai.

"Ya Taufiq, kai ma tsorona kake ji?"

"Rauda... ki yi haƙuri dai..."

"Haƙuri? Riƙe abinka, ina da nawa!"

Ta figi mayafi ta koma wurin likitar da ta yi gwajin, tana kuka tana faɗa. Likitar ta zaunar da ita ta ce irin nata ciwon hantar, wanda ake kira C, ko an warke jini yana riƙe tabon yaƙin da ya yi, kuma tabon ne gwajin gaggawa ke gani. Sai an aika jini Parakou a nemi ƙwayar cutar kanta. Nan take aka ɗebi jininta aka aika.

Juma'a ta zo ta wuce ba ɗaurin aure. Matan layin 'yan albasa suka samu abin taunawa. Kwana goma sha shida Rauda na shan ruwa a kofinta ita kaɗai. Taufiq kuwa, da kunya ta ishe shi, shi ya je ya karɓo sakamakon, ya tsaya tsakar gida ya karanta da ƙarfi: babu ƙwayar cuta, ko ɗaya!

"Inna, kin zalunce ta, ni kuma na yi shiru. Ita nika so, ba wata ba."

Gwaggo ta dubi kofin. "To... a kwance zaren nan."

"A'a, Gwaggo, bar shi."

Rauda ta ɗebo ruwa a kofin, ta kurɓa, ta durƙusa ta miƙa mata da hannu biyu.

Jama'a, takarda guda ba ta isa a yanke wa mutum hukunci ba, a tambayi masu sani tukuna. Mai haƙuri kuma ba ya taɓewa. Gwaggo Sa'a ta shanye ruwan nan tas, hawaye na zuba cikin kofin.