Ragar Azurfa ta Djougou

Ranar Litinin da safe, cikin watan Mayun 1986, Hamsatou ta buɗe gwangwanin awon iska da aka kawo daga Djougou, ta ga ragar da ke tsakiyarsa ba ta azurfa ba ce. Dalma ce aka yanka aka goge. Ta buɗe sauran biyun da aka kawo tare da shi, su ma haka.

Ita kaɗai ce ma'aikaciyar ƙaramin ɗakin awo na Parakou. Tun da aka ji labarin fashewar tashar nukiliya a Tarayyar Sobiyet aka ɗora mata aikin tace iska, a ga ko sinadarin aidin mai guba ya iso ƙasar. Kafin azahar shugabanta ya fara zancen zagon ƙasa ga gwamnatin juyin juya hali, yana kallonta.

Sufeto Iliassou ya zo ya nemi ta nuna masa yadda abin yake. Ta jera masa a kan tebur. Inji ke zuƙo iska ta bi ta hawa uku: takarda ta tare aidin da ya manne wa ƙura, ragar azurfa ta kama wanda ke yawo tsura, gawayi ya shanye wanda ya haɗu da wasu sinadarai.

Ban da ita, mutum uku ne za su iya kusantar gwangwanayen. Moumouni mai gadi ya ce bai taɓa riƙe makullin ɗakin ba, aka bincika aka tabbatar. Yaou direba, mai ɗauko su daga Djougou, ya yi ta kame-kame kan awa biyu da ya ɓata a hanya. Sanoussi, mai kula da injin a Djougou, ya amsa a natse cewa lafiya lau ya miƙa wa direba.

Iliassou ya tsare Yaou. Hamsatou ta roƙi a ba ta yini ɗaya.

Washegari ta ajiye masa takardar awo.

"Kamarad Sufeto, ka saki direban nan. Dubi gawayin injinmu na Parakou, aidin da ke ciki ɗan burbushi ne. Na Djougou ya kusa ninka shi."

"Sai me?"

"Da azurfar na ciki lokacin da iska ta wuce, da ta tare nata kason. Ba ta nan, shi ya sa ya zarce cikin gawayi. Kafin a kunna inji aka cire ta, ba a hanyar dawowa ba."

Gwangwanayen kuwa, tun suna sababbi, ita da kanta ta kai su Djougou, ta kulle a kabad, makulli a hannun Sanoussi.

Da aka matsa wa Yaou, ya ce mahaifiyarsa ya biya dubawa da motar aiki. Iliassou ya zaga maƙeran azurfa na Djougou, na huɗu ya tuna mutumin da ya kawo raga uku a narkar masa. Shafen azurfa ne kawai a kan waya, in ji shi, ko zobe ɗaya bai fita ba. Kamannin mutumin da ya zayyana kuwa na Sanoussi ne.

Sanoussi ya sunkuyar da kai, ya ce ya ɗauka ba wanda zai lura da abin da ido ba ya gani.

Hamsatou ba ta tambayi hukuncinsa ba. Ta ce aidin ɗin raguwa yake da rabi duk kwana takwas, mako uku sun riga sun tafi, dole a sake awo kafin ya ɓace. Iliassou ya kai ta Djougou a motarsa, ya riƙe mata tsani ta hau rufin da injin yake ta ɗaura sabon gwangwani.